Shayin da Na Ba Ɗan Yayata

Ni mai shayi ne a ƙofar wata kwaleji a Tanout, kuma wallahi kafin in lalace ba wanda ya taɓa jin kaina da kowa. Buta biyu, gawayi, benci ɗaya, shi ke nan arzikina.

Wani ɗan kabu-kabu ya fara kawo mini tramol. Ya ce in riƙa narka shi a shayi na biyu, wanda ɗacinsa ya ragu sukari ya hau, ba mai ganewa. Na gwada lokacin jarrabawa. Yara suka ce barci ya daina damunsu, karatu yana shiga. Ƙarya! Amma benci ya cika, har aka san ni da “mai na biyu”.

Ana nan sai Yayata ta kawo ɗanta Sanusi daga Tarka, in zama mai masaukinsa, tunda ya ci jarrabawar shiga kwaleji. Ta sauke buhun gero ta ce, “Ga amana, ƙanena. Shi kaɗai na cire daga kiwo.”

Na hana shi na biyu, na rantse har da Alƙur'ani. To, wa ya gaya mini? Abokansa da nake zuba wa su suka riƙa miƙa masa kofinsu a bayan katanga. Ban sani ba sai ranar da ya faɗi a aji yana karkarwa, kumfa a baki. Mushen ajinsu, wato malaminsu, ya bi sawu har bencina, jandarma suka ɗauke ni da butocin.

A kaso ba wanda ya leƙo ni. Ɗan kabu-kabun kuwa ko sunana ya manta.

Da aka sake ni na wuce Tarka neman gafara. Yaya ba ta zage ni ba, ta dai nuna mini gindin aduwa. Sanusi na zaune, ya rame, yana magana shi kaɗai. Na durƙusa na ce, “Kawunka ne.” Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo hannu: “Mai shayi, akwai na biyu?”

Na tuba, Allah ya gani, amma tubana bai dawo masa da hankali ba. Ku 'yan lakwal, 'yan makaranta, in barci ya kama ku kan littafi, ku kwanta. Duk wanda ya miƙo muku abin hana barci, ku ture, ko da abokinku ne, ko da kawunku ne ya dafa.