Tafintan Hajiya Zinatu

Matan Hausawan Manchester sun san Hajiya Zinatu ta Whalley Range da abu biyu: dambun nama da mitar miji. Dambun kam ba a magana. Mitar kuwa guda ce, ba ta canzawa: wai mijinta Injiniya Falalu bai taɓa buɗe baki ya ce yana sonta ba. Ba faɗa, ba hantara, ko tari ta yi sai ya kira likita, amma kalmar so? Ina! Kunya ta ɗaure masa baki tun suna Kano.

"Ni da bango aka ɗaura mini aure," haka take gaya wa ƙawaye tana dariya, amma wallahi abin yana cin ranta.

Abin da ke zaunar da su waje ɗaya shi ne finafinan soyayyar Turawan da, waɗanda ake cirowa daga tsofaffin littattafansu: maza da dogayen huluna, mata da riguna har ƙasa, ana ta hawan keken doki da shan shayi. Ta so su ne don babu tsiraici, 'yan matan kuma akwai jan aji kamar na gida. Turancin ne matsala. Nata na kasuwa ne da asibiti, yana kai ta inda za ta. Na fim ɗin kuwa, jimla ɗaya sai ta zagaya unguwar Moss Side kafin ta dawo. Shi ya sa duk Lahadi bayan la'asar Falalu yake zama tafinta. Tun tana sauraron 'yan fim har ta daina, shi kaɗai take ji.

Akwai wurin da ta fi so a wani fim, inda saurayi ya tare budurwa a lambu, hula a hannu. Falalu, idonsa ƙyam a kan talabijin, sai ya ce, "Wai in ba ta kusa, ko gishirin abinci ba ya ji. Ya ce ya san zai raba ta da danginta ya kai ta garin sanyi, don Allah ta yafe masa."

"Ka ji maza!" in ji Zinatu. "Wasu kuwa sai gyaran hita." Shi dai murmushi kawai yake yi.

Bara zuciyarsa ta buga a wurin aiki ya rasu, ko sallama ba su yi ba. Da ta fita takaba, autarta Hanan, mai aiki a wani asibiti a Birmingham, ta ɗauke ta ta je ta huta. Ganin uwar ba ci ba magana, sai ta kunna mata sabon da aka sake yi na wancan fim ɗin, ta zauna tana fassara da karyayyiyar Hausarta. Da aka zo lambu, Zinatu ta gyara zama.

"Ya ce yana fatan mamanta ta ji sauƙi," in ji Hanan, "kuma ruwa ya ɓata hanyar London."

"Shi ke nan? Kai, sun lalata fim! Ina maganar gishirin?"

"Umma, wane gishiri? Na karanta littafin nan a school, har exam na yi a kansa. Babu."

Zinatu ba a kayar da ita a musu. Ta ce a nemo tsohon. Hanan ta nemo, ta kai shi lambun, karon farko Zinatu ta kasa kunnenta da kanta. Lafiyar uwa. Hanya. Ruwa. Babu gishiri, babu dangi, babu neman gafara.

Hanan ce ta fara ganewa. Ta ajiye rimot a hankali. "Umma, maganar Abba ce."

Innalillahi! Ashe shekara da shekaru bawan Allah yana aron bakin Bature yana gaya mata abin da ke ransa, ita kuma tana yi masa gori da maganar da tasa ce.

"Mayar da shi baya," ta ce. "Kashe sautin."

Baturen ya sake cire hula, bakinsa yana motsi shiru. Zinatu ta jira har ya gama.

"Na yafe, Injiniya," ta ce. "Ni ma ina…"

Sai ta tuna 'yarta na zaune a gefe. Ta haɗiye sauran, ta rufe fuska da mayafi, ta fashe da kuka.