Ɓauren Gonar Inna

Shekarun baya, tun ina gaban iyayena a ƙauyenmu kusa da Ɗambatta, akwai wata bishiyar ɓaure a gonar da mahaifiyata ta gada. Kakata ce ta reni bishiyar. Duk amaryar da za a kai, sai an zo wurin Inna, mahaifiyar tawa, ta sassaƙo ɓawon a dafa mata. Ni sokuwa, har na zama budurwa ina zaton maganin ciwon ciki ne, ina ta mamakin yadda amare kaɗai ciki ke murɗa wa.

Inna tana da ƙa'ida. Faɗin tafin hannu take ɗiba, gefe guda, ta kwaɓa laka ta shafe wurin, ba ta komawa sai baɗi.

Sai kasuwar kayan mata ta buɗe a waya. Wata mai sana'ar a birni ta ji labarin ɓaurenmu, ta fara turo masu babur da buhuna. Ranar da muka je kai abinci gona muka tarar da rabin gindin fari tas, Inna ta dire ƙwarya ta ce, "Innalillahi! Sun fara tuɓe ta."

Na ce, "Inna, ki gaya wa Baba mana, ya kai wa mai unguwa."

Ta harare ni. "In ce masa me? In ya tambayi abin da ake yi da shi fa? Da wane bakin?"

Baba ya ga sassaƙar, amma ya ɗauka marasa lafiya ne, ya ce ba a hana mai ciwo magani. Inna tana zaune a wurin, ta sunkuyar da kai. Kafin damina masu babur suka dawo suka sassaƙe sauran ɓawon, suka zagaye gindin.

Ruwa ya sauka, ko'ina ya yi kore ban da ɓauren. Baba ya sa aka sare, aka kawo itacen gida. Ko ruwan zafi Inna ba ta dafa da shi ba, maƙwabta ta rabar wa.

Ni ma matar aure ce yanzu, ba na kushe kayan gyara. Amma wallahi duk na ga robobin tsumi jere a shago sai zuciyata ta karye, in ce ko bishiyar wa aka feɗe. Ban taɓa ganin laifin Inna ba, haka aka tarbiyyantar da ita. Ita ce dai ba ta yafe wa kanta ba. A jinyarta ta ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, magana ɗaya ce da ta tsirar da bishiyar uwata, na kasa faɗa."