Inna Kyauta ta Majami'ar Bakin Dam

A Goronyo akwai Kyauta da yawa, amma in ka ce Kyauta ta coci, ko masu ɗinkin buhun albasa a kasuwa za su nuna maka hanyar gidanta. Gajeruwar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Shekara arba'in da ɗoriya ta yi tana hidimar wata 'yar majami'a mai rufin kwano a bayan gidajen ma'aikatan dam, ba tare da an taɓa naɗa ta wani muƙami ba.

Mahaifinta Maccido mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Rabah. Yana saurayi kuturta ta kama shi, aka kai shi asibitin mishan, ya shekara bakwai a can. Ya fito da lafiyarsa, ban da yatsu huɗu da ciwon ya cinye, ya kuma fito yana Kirista. Danginsa ba su kore shi ba, sai dai sun ware masa akushi da moɗa, kuma har ya mutu bai san ko saboda ciwon ne ko saboda addinin ba. Da zaman ya yi masa nauyi ya koma unguwar da ke jikin asibitin, ya auri wata da ta warke kamarsa. Sun daɗe ba haihuwa, shi ya sa da yarinyar ta zo suka ce mata Kyauta.

Ba ta yi makaranta ba, domin ita ce hannuwan iyayenta. Ita ke jan guga, ita ke niƙa, ita ke ɗaure wa uwarta zane. Amma kunnenta na da riƙo. Abin da aka karanta a sujada sau biyu, ya zauna mata ke nan.

Lokacin da ake ginin dam ta auri Habila, wani mai walda daga Zuru, ya kawo ta Goronyo. A zamanin nan garin cike yake da baƙi. Kiristocin cikinsu suka roƙi fili, aka ba su wani gefe mai ƙaya, suka share suka yi gini da hannunsu. Habila ya haɗa tagogi da ƙofa. Ran Lahadi mutum ɗari kan taru, har wasu su tsaya a waje. Kyauta ce ke shara ran Asabar, ta cika randuna, ta dafa zoɓon da ake sha a jibin Ubangiji, wato ɗan burodi da abin sha da Kiristoci ke rabawa don tunawa da Almasihu. A zumuntar mata ita ke kaɗa tulu. Malamin makaranta ko ɗan sanda in aka turo shi garin bai san kowa ba, a zaurenta yake kwana har ya sami ɗaki.

Da aikin dam ya ƙare baƙi suka fara watsewa. Habila ya zauna, ya koma gyaran injin ban-ruwa na masu noman rani. Sun haifi huɗu, mace ɗaya ta rayu, Lami. Sauran ukun suna kwance a bayan majami'a. A shekarar babbar ambaliya Habila ya yi kwana biyu cikin ruwa yana taya maƙwabta kwashe hatsi, sannan amai da gudawa suka kama shi, kafin kwana uku ya rasu. Ranar jana'iza manoman da yake gyara wa inji suka tsaya a bayan danga cikin rana har aka gama. Maƙwabciyar Kyauta, Adawiyya, matar wani manomin albasa mai suna Atiku, ita ta riƙa dafa wa masu zuwa gaisuwa abinci har kwana bakwai. Tun daga nan matan biyu suka zama kamar ciki ɗaya. In azumi ya zo Kyauta ta taya ta dakan kunu, in Kirsimeti ta zo Adawiyya ta zo ta karɓi tuyar waina.

Lami ta yi aure a Sakkwato, ta yi ta roƙon uwar ta dawo wurinta.

"In na tahi, wa ka buɗe ɗakin Allah?" Kullum amsar ke nan.

Bayan 'yan shekaru aka turo musu sabon mai bishara, Malam Ayuba, da matarsa Tani. Mutum ne mai yawan dariya, da wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Tun ranar farko ya ce wa Kyauta Inna, ita kuma ta ɗauke shi kamar ɗan da ba ta samu ta raina ba. A lokacin masu sujada ba su wuce talatin ba, amma akwai waɗansu ɗaiɗai a warwatse wajen Wurno da Rabah, waɗanda ba su da inda za su taru. Malam Ayuba kan bi su wata-wata. Da 'yan bindiga suka fara tare hanyoyi ya rage fita, dattawan ikilisiya ma suka ce ya dakata.

Wata Laraba wani mai kifi ya kawo wa Kyauta saƙo daga ƙasar Rabah. Wani tsoho ne, Baba Ma'u, wanda suka yi jinya tare da mahaifinta, shi kaɗai ya rage cikin mutanen wancan zamani. Ya kwanta ciwo, ya ce a gaya wa ɗiyar Maccido yana son ya ci jibi kafin ya tafi. Ta wuni tana juya maganar. Ta san halin hanya, ta kuma san halin Malam Ayuba. Da la'asar ta kasa daurewa, ta je ta same shi yana wanke babur.

"Malam, wani saƙo na anka kawo man. Ban ce ka tahi ba. Na dai ga bai kamata in ɓoye maka ba."

Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Inna, tsohon nan shekara nawa rabonsa da jibi?"

"Za a yi ukku."

"To ki dafa zoɓo. Gobe kasuwa na ci a hanyar, akwai mutane. Kafin azahar na dawo."

Ran Alhamis da safe ta zuba zoɓon a 'yar gora, ta naɗe guntun burodi a farin ƙyalle, ta miƙa masa. Ita da Tani suka tura babur ɗin har ya tashi, yana yi musu dariya.

Ya isa lafiya. Ya yi wa tsohon addu'a, ya ba shi jibi. A hanyar dawowa ne suka faɗa hannun mutanen daji, shi da waɗansu 'yan kasuwa biyar. Ba wanda ya tsira.

Atiku ne ya fara ji a tasha. Bai iya zuwa gidan Malam ba, sai ya zo ƙofar Kyauta ya yi sallama, ya tsaya kansa a ƙasa.

"Mi ya faru, Malam Atiku?"

"Sai haƙuri, Kyauta. Malaminku na."

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta ɗauki mayafinta ta nufi gidan. Ta tarar da Tani tana tsince shinkafa, ta rufe wa mijinta abincin rana da faifai. Tani ta ɗaga kai ta dube ta, ta dubi Adawiyya da ke biye da ita, sai tiren ya zame daga cinyarta. Kyauta ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta.

"Ni na aike shi, ɗiyata. Ni na kai mishi maganar."

Sai bayan kwana takwas, da motar da za ta mayar da Tani garinsu ta zo, ta kama hannun tsohuwar ta ce, "Inna, ko ba ki faɗa masa ba, da ya ji a wani wuri zai tafi. Kada ki ɗora wa kanki." Kyauta ta gyaɗa kai, amma maganar ba ta shige ta ba. Baba Ma'u ya rasu bayan mako biyu. Tun daga ranar da aka kashe Malam Ayuba, Kyauta ba ta sake kaɗa tulu ba, kuma in mutane na hira aka ambaci Alhamis sai ta yi shiru.

Ba a sake turo mai bishara ba. Aka ce sai hanya ta yi kyau. Masu shaguna biyu suka kwashe iyalinsu, malaman makaranta suka nemi canji. Kyauta ta ci gaba da buɗe ƙofa. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Zinariya ke karanta musu Maganar Allah, su yi waƙa biyu, su yi addu'a su tashi. Daga goma sha biyu suka koma bakwai, daga bakwai suka koma uku. Ranar da Zinariya ta zo sallama, ta kasa haɗa ido da Kyauta.

"Tahi abinki, ɗiyata, kina da ƙanana. Allah shi kiyaye hanya."

Wata bakwai ta yi tana sujada ita kaɗai. Takan zauna a bencin mata, inda ta saba, ba ta taɓa hawa wurin wa'azi ba. Ta faɗi abin da ta haddace da ƙarfi, sannan ta ambaci mutanen da suka taɓa zama a bencinan ɗaya bayan ɗaya, tana roƙa musu lafiya a inda suke. A lokacin yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma sai dishi-dishi. Wata Lahadi har rana ta take Adawiyya ba ta ji motsinta ba. Ta bi sawu, ta tsaya a bakin ƙofar majami'ar da ba ta taɓa shiga ba tana kira. Da ta ji nishi sai ta tuɓe takalmi ta shiga. Ta same ta kwance tsakanin benci biyu, ƙugu ya goce.

Adawiyya ce ta sa aka kira Lami a waya. Da Lami ta iso, tsohuwar ta fara kawo uzurinta na kullum, sai Adawiyya ta katse ta.

"Kyauta, ke san ba na son rabuwa da ke. Amma in kin mutu cikin ɗakin ga ke ɗai, mi za ni ce ma ɗiyarki? Ki tahi."

Kyauta ta roƙi a ɗauke ta a kai ta bayan majami'a. Aka zaunar da ita a kan kujera kusa da kaburburan huɗu. Ba wanda ya ji abin da ta ce. Atiku ya yi mata alkawarin ba zai bari awaki su shiga wurin ba.

A Sakkwato Lami ta kula da ita iyakar ƙoƙarinta. Ran Lahadi akan kai ta wata babbar majami'a mai fanka da lasifika, inda rabin sujadar da Turanci ake yi. Masu tsaron ƙofa kan zaunar da ita a gefe cikin ladabi, ba wanda ya san ko wace ce. Ta taɓa tambaya ko za a bar ta ta riƙa goge kujeru, aka ce akwai waɗanda aka ɗauka don wannan, Mama ta huta. Ba ta sake tambaya ba.

Ta rasu da bazara, shekara ɗaya da rabi bayan barinta Goronyo. Ta so a mayar da ita can, amma makon nan ba direban da ya yarda ya ɗauki gawa a hanyar, sai aka binne ta a Sakkwato. Adawiyya ta zo gaisuwa ran kwana na biyar, a gaban motar albasa, ƙafafunta sun kumbura don zama. Ta kwana biyu a ɗakin marigayiyar, ta taya Lami ninke zannuwanta, ran na uku da safe ta koma gida.