Arzika Makanike da Tseren Asabar

Ku da kuka san marigayi Arzika makanike, taubashina, kun san ba ya zama a kan kujera sai ya ƙwanƙwasa ta da kile, wato sufana. Kilen nan nasa mai lamba goma sha uku, wanda ya girmi ɗan farinsa, kullum yana aljihun gaba. Kankana ce, ƙwarya ce, sabon gado ne, har bangon masallacin unguwa da aka sake yaɓewa, sai ya ɗan buga, ya kasa kunne, ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Idan ka gaishe shi da fara'a sosai sai ya tsuke ido ya ce, "Mi kaka so?" Wata rana na ce masa hularsa ta yi kyau, wallahi sai da ya cire ta ya leƙa cikinta. Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ɗan ƙanwar babansa, don haka ina da lasisin tsokanarsa, kuma ban taɓa barin lasisin ya yi ƙura ba.

Shekara arba'in ya yi yana gyaran motoci a bakin tashar Filinge. Da bayansa ya ƙi, ya bar garaji ya dawo rumfar ƙofar gidansa. Ɗansa da ke aiki a Yamai ya aiko masa da tele, wato talabijin, da parabol mai kamo tashoshi da pano mai jawo wutar rana, wai ya riƙa kallon ƙwallo. Wata Lahadi bayan an tashi kasuwa, ina neman tasha a telen nan tasa sai na faɗa kan babban tseren motocin nan na duniya, masu kama da ƙwaro, direba kwance a ciki sai kai kaɗai ake gani. Wata ta shigo gefe, mutane suka rufe ta, kafin ka gama salati an canza mata taya huɗu ta wuce.

Arzika ya miƙe tsaye. "Ƙarya ta! Taya huɗu? Ni da nis shekara arba'in ina kwance taya? Wata mota ta sunka ɓoye bayan bango!"

Na ce, "Kai-tsaye fa ake nunawa."

"Kai-tsaye gidan wa? Bar ta nan, yau sai na kama su."

Bai kama su ba ranar, bai kama su ba shekarar. Amma garin neman kama su ya haddace kowace mota da kukanta, har ya zama idan an ce akwai tsere ko ɗaurin aure sai dai a yi haƙuri da shi.

Abin da ya sace masa zuciya shi ne tsarin kwana ukun. Juma'a gwaji ne, motoci su zagaya a saurari lafiyarsu. Asabar kowa ya yi zagayensa da iyakar gudu, wanda ya fi sauri shi zai tsaya a gaban layi. Lahadi a yi babban tsere. To haka shi ma ya yi aikinsa da motocin kasuwa: Juma'a ya saurari inji, Asabar ya ɗaure abin ɗaurewa, Lahadi mota ta hau hanya. Yakan ce, "Waɗanga Nasaru, wani makanike na ya yi musu tarbiyya."

A hankali rumfar ta zama fada. Ni ne mai fassara, don masu sharhi Faransanci suke yi. Akwai Bello, dillalin shanu daga wajen Sanam, akwai Isufu mai kabu-kabu da abokansa, akwai Sumaila mai shago. Arzika ne mai shayi, shi ne alƙali, shi ne kuma mai tsawa. Zan faɗa muku gaskiya: garaji ya tafi, ƴaƴa sun watse birane, rumfar nan da hayaniyarta su ne abin da ya rage masa a duniya.

Sai wata shekara masu shirya tseren suka taɓa tsari. Na saurara na fassara: a wasu makonni gwajin Juma'a zai ragu zuwa ɗaya, ranar Asabar kuma a yi wani ɗan gajeren tsere, sannan Lahadi babba. Kai! Kamar an jefa dutse cikin gidan rina.

Isufu ya ce, "Baba, ai gyara na! Juma'a mi aka kallo? Motoci na yawo awa awaki ba makiyayi. Yanzu tsere biyu muka samu."

Bello ya girgiza kai. "Ni dai ban taɓa kora bijimi da gudu ran jajibirin kasuwa ba. In ya karye hwa, mi za ka kai Lahadi?"

Sumaila, wanda bai taɓa tsayawa gefe ɗaya a rayuwarsa ba, ya ce duka biyun suna da gaskiya.

Arzika ya tashi ya ƙwanƙwasa telen, ya saurara, sannan ya juyo. "Masu saida taya na sunka shirya wanga abu. Ko kuwa wani na son ya san sirrin Lahadi tun Asabar." Sai idonsa ya sauka a kaina. "Ko kuwa hwassara ta anka murɗe."

Ni! Shekara talatin ina koyar da Faransanci! Nan take ya aika aka kira Hadiza, ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka, ta zo da zanenta na girki ta saurari mai sharhi. Ta ce, "Baba, abin da mushe ya hwaɗa maka, shi na."

Ya ce, "Ke, wa ya koya miki Nasaranci?"

Ta ce, "Mushe mana."

Ya tafa hannu ya dubi jama'a. "To, kun gani!"

Ranar da na ƙara fassara masa cewa wasu har suna ba da shawarar a mayar da masu sauri baya, a sa marasa sauri gaba don a ƙara armashi, sai da ya ajiye kofin shayi. "Mai ƙoƙari baya, rago gaba? Wanga ba tsere ba na, siyasa ta."

Daga nan ya kafa doka. Duk Asabar ɗin da ke da gajeren tsere, sai ya kifa wa tele buhun hatsi, ya ɗaure da igiyar rijiya. Muka roƙa, ya ƙi. Bello da ke bayansa a ra'ayi ma ya roƙa, Arzika ya ce masa ashe shi ma an saye shi. Sumaila kuwa, mai ganin kowa da gaskiya, ya ga kasuwa, ya sayo tasa telen ya kafa a shago. Samari suka koma can. Ni ma, Allah ya yafe mini, na riƙa sulalewa ta bayan gidan Hadiza.

Washegari na zo rumfa da fuskar salihai. Arzika ya ce, "Matso." Na matsa. "Buɗe baki." Na ce haba, ni da furfurata? Ya kawo hanci ya shinshina, ya koma ya jingina. "Kanumfari. Duk Hilinge mutum guda ka sa kanumfari ga shayi don ya ɓoye araha tai. Ina kwana, ɗan leƙen asirin Sumaila?"

Mun yi dariya, amma abin bai tsaya a Asabar ba. Ƙafa idan ta saba da hanya ba ta tambayar rana. Sannu a hankali Lahadin ma ta koma shago, rumfa ta rage daga ni sai Bello idan cinikin shanu ya bar shi. Wata safiya Ramatu, matarsa, ta tare ni a zaure. Ta ce, "Mushe, ɗan'uwanka na kashe kanshi. Shina dahwa shayi na mutum goma, ya jera kofuna, ba wanda ka zuwa. Ka san shi, ba shi zubarwa. Shi ɗai ka shanye shi, zuciya ta yi ta bugawa." Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina ɗalibi.

Na je na tara su a shagon Sumaila na faɗa musu. Kowa ya yarda a koma. Matsalar ita ce, idan muka koma da ladabi zai ce an aiko mu. Isufu ya ce a bar masa. Asabar ta gaba ya faka babur a bakin rumfa, mu muna biye, ya ce da ƙarfi, "Baba, mun gane tsoro kaka ji. Ka san in an buɗe tele gardamarka ta mutu."

Arzika ya dube shi tun daga hula har takalmi. Na ga murna a idonsa, amma ya haɗe rai. Ya kwance igiya da kansa, ya cire buhu. Sannan ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya ba tele baya, ya fuskanci titi. "Rumhwa taku ta. Ido nawa na."

Aka fara tsere. Ba a yi nisa ba, yana kallon jakunan da ke wucewa, ya ce, "Injin wanda ag gaba na tari. Ba shi kai ƙarshe." Ba a yi zagaye uku ba hayaƙi ya turnuƙe, motar ta gangara gefe. Rumfa ta kaure da ihu. Isufu ya ce, "Baba, ashe kana bi!"

Ya ce, "Kunne na da marhi?"

Haka muka ci damina biyu: mu muna kallo, shi yana ba mu ƙeya, gardama kuwa har sai an kira magariba. Bai taɓa yarda cewa gajeren tsere tsere ne ba, kuma ban taɓa ganinsa cikin ƙoshin rai kamar lokacin ba.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Aka kai shi Yamai, aka dawo da shi bayan sati biyu ya rame. Likita ya faɗa wa ɗansa abin da ke nan, ɗan ya faɗa mana, aka ce kada a gaya masa. Asabar ɗin akwai gajeren tsere. Muka yi shawara, mu da wayonmu, cewa mu faranta masa. Da la'asar muka shiga ɗakinsa, ba wanda ya ko ambaci kunna tele. Isufu ya durƙusa ya ce, "Baba, mun yi nazari. Kai ka da gaskiya, tseren Asabar banza na." Sumaila ya ce shi dama tun farko ra'ayinsa ke nan. Ni kuma na gyara masa matashi, na ce ya yi kyan gani.

Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe.

"Isuhu ya ba ni gaskiya. Sumaila ya tsaya wuri guda. Mushe ya shigo bai zage ni ba." Ya numfasa. "Mi likita yac ce?"

Ba wanda ya iya ɗaga kai. Bello ya ja rawani ya rufe baki.

Ya ce, "To, na ji. Alhamdu lillahi. Amma kada ku bizne ni da ladabi tun ina da rai. Ku ɗauke ni ku kai ni rumhwa, ku kunna abinku, kowa ya koma ga ƙaryatai."

Muka ɗauke shi da katifarsa. Isufu ya yi ta kare gajeren tsere da iyakar muryarsa, hawaye na zuba yana sharewa da hannun riga. Ni na ce masa tsohon banza, makaniken da ya kasa gane taya huɗu, ya ce mini malamin da ya lalata Faransancin gari guda. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ran Laraba da hantsi ya cika.

Mutumin da ya shekara saba'in yana zargin jama'a a banza, sau ɗaya muka haɗa baki a kansa da gaske, kuma bai ɗauki minti biyu ba ya kama mu. Ina kewarsa ƙwarai, jama'a. Allah ya jiƙan Arzika, ya yafe masa, ya ba Ramatu haƙuri. Allah ya saukar da shi gidan da babu ha'inci a cikinsa, inda zuciyarsa za ta kwanta ta huta. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.