Kunyoyi Uku na Baba Haggai

Duk wanda ya taɓa kai kekensa faci a bakin kasuwar Zuru ya san Baba Haggai. Tsohon soja ne, gajere, ga cika baki. Shekara talatin yana liƙe taya a gindin mangwaro, ni kuma shagona na ɗinki yana daf da shi, don haka babu labarin barikinsa da ban haddace ba. Sunana Zakariyya. Shi coci yake zuwa, ni masallaci, amma gardama kam tare muke yi kullum.

Bana aurensa da Mama Saloma ya cika shekara hamsin, 'ya'yansu suka shirya bikin godiya a coci. Ni na ɗinka ankon. Saura kwana huɗu, sai matar nan ta ce ba za ta tsaya kusa da shi gaban jama'a ba.

Golmo ne ya jawo. A al'adar mutanensu, saurayi kan yi wa uban yarinya noma shekara bakwai kafin a ba shi ita. Haggai ya yi nasa, amma ranar ƙarshe ya ji ana ɗaukar soja a gari, ya yar da garma ya bi mota, ya bar kunyoyi uku bai huɗa ba. Yanzu kuma, don rashin ta ido, ya je ya ce wa fasto ya sanar a coci cewa ya yi golmo cif.

"Ƙarya cikin ɗakin Allah?" in ji Mama Saloma. "Ka tahi ka ƙare aikinka, ko ka tsaya kai ɗai."

Washegari da sassafe ya ɗaure garma a bayan kekensa, ya nufi tsohuwar gonar surukinsa. Na rufe shago na bi shi da nawa, don wallahi ba zan bari a ba ni labarin wannan abu ba.

Damina ce, duwatsu sun yi kore shar, dawa ta kai ƙirji. Tsofaffi biyu a kan kekuna, kowa ya gan mu sai ya tsaya kallo. Haggai ya saki hannu yana waƙar fareti, bai ankara ba ya zarce cikin gonar gyaɗar wani. Na yi dariya har sai da na sauka na riƙe ciki. Muka ci ƙosai a Dabai, muka tsallake rafi biyu da kekuna a kafaɗa, muka ɓata hanya sau uku, kowane karo yana rantsuwa cewa hanyar ce ta canza. Wani makiyayi mai suna Jibo ne ya nuna mana dutsen da muke nema da sandarsa, bayan ya tambaye mu ko lafiya muke.

Turin keke muka yi har sama. Can na ga abin da ban taɓa gani ba, ni da aka haifa a Zuru. Ga kufan tsohon ƙauye, da ganuwar duwatsu da aka jera da hannu, ga ramukan niƙa sun yi sumul a jikin falalen dutse. Haggai ya ce kakanninsa sun hau nan ne don gudun mahara, sai da ƙasa ta kwanta aka sauko. Ya nuna mini inda rumbun kakansa yake, da inda samari ke kokawa bayan girbi. Na duba ƙasa, gonaki ko'ina har ƙarshen gani. Daɗi ya kama ni, na yi ihu kamar yaro.

Gonar surukin tana gindin dutsen ta ɗaya gefen. Muka tarar da wata tsohuwa tana cire ciyawa. Margaret ce, matar yayan Mama Saloma. Haggai ya kwance garma, ya faɗa mata abin da ya kawo shi. Ta dube shi, ta dube ni, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Soja, kai kam ka makara," in ji ta. "Ka san halin Baba. Kana tsammani da ya ga kunyoyin nan a buɗe zai ba ka ɗiya tai? Ranar da ka gudu, Saloma ta ɗauki garmar da ka yar, ta huɗa su kafin ya zo dubawa. Garmar maza! Sati biyu tana ɓoye hannu cikin zane, duk ya sale."

Haggai ya nemi inda babu shuka a bakin gona, ya huɗa kunyoyi uku, yana nishi, ya hana ni taimako.

Da muka sake haura dutsen, dawowa gangara ce, iska na kaɗa mana riga, amma babu waƙa. Muka iso da la'asar sakaliya, muka tarar da Mama Saloma tana gyaran wake a ƙofar gida. Ya jingine keke, ya durƙusa, ya kama hannunta ya juya tafin yana kallo.

"Don mi ba ki faɗa min ba?"

"Don mi ba ka tambaya ba?" ta ce. "Shekara hamsin kana ba mutane labari, ba ka taɓa cewa wa ya huɗa su ba."

Ran Lahadi na tsaya a bakin tagar coci, don in ga yadda ɗinkina ya zauna musu. Fasto ya fara maganar golmo, Haggai ya ɗaga hannu ya karɓi lasifika. Ya ce shi ya fara, amma ga wadda ta ƙarasa, ya ɗaga hannun matarsa sama. Mata suka ɗauki guɗa. Mama Saloma ta harare shi, ta ce ya sake ta ana kallo, amma ba ta janye hannun ba.