Zaman Kaka a Bakin Doka

Ƙamshin kullun dawa mai tsami idan ya taɓa doka mai zafi, shi ne yake mayar da ni gidanmu na bakin kogi, kusa da Abu Hujar. In ba ku san doka ba, faifan ƙarfe ne da ake gasa kisra, wato siririyar wainar dawa mai faɗi, a kansa. A gefensa na koyi zane, tun ban shiga makaranta ba.

Kakata ta wajen uwa ita ke yin kisrar gidan. Da safe takan zauna a 'yar kujera, ta zuba kullu, ta ja shi da guntun kaba, ja ɗaya, ya bazu siriri kamar takarda. Ni kuma ina tsugune da tsinke ina zana awaki a ƙasa. Tun lokacin ni mai fargaba ce. Nakan zana ƙafa in share, in sake, in share, har a gama kisra ban kai ga kan akuyar ba.

Wata rana ta ce, "Ke mai share-share, kafin in ɗaga wannan ki gama akuyarki. In na ɗaga, ki ajiye tsinke."

Na ce ba za ta yi kyau ba.

"Kisrata ta farko ma ba ta yin kyau. Kaji ke ci. Yalla, maza."

Haka muka riƙa yi, kowace kisra da zanenta. Bayan damina, in kogi ya ja baya, nakan ɗebo lakar gaɓa in shimfiɗa, don ta fi riƙe layi. Sharaɗi ɗaya Kaka ta gindaya mini. In abu mai rai na zana, to in ja layi a wuyansa, kada ya zama cikakkiyar siffa. Haka ta tarar ana yi. Duk jakunan da awakin da na zana a gidan nan yankakku ne.

Na gama firamare, sai gona, sai aure, sai yara. Kaka ta rasu. Hannuna ya bushe, ban ma lura ba.

Shekarun baya kaɗan yanar ido ta fara rufe idon Inna, mahaifiyata. Wata la'asar ta ce mini, "Uwata ko hoto ɗaya ba ta bari ba. Ke da kike zane-zane da, zana mini ita tun ina gani."

Na amsa. Na sayi takarda mai kyau, na yi ta gogewa har ta huje. Kullum ina duba idon Inna ina ganin farin yana ƙaruwa.

Sai na koma bakin doka. 'Yata ce ke yin kisra yanzu, a kan gas. Na tara kwalayen shayi, ina zane a bayansu da fensir. Ta zuba, in fara. Ta ɗaga, in tsaya, ko da rabi ne. Na zana randa, na zana takalmi, na zana buta.

"Yumma, wannan buta ce ko agwagwa?" in ji ta, rabi da Larabci; Yumma take kira na, wato uwa.

Na ce ta kula da kisrarta. A hankali hannun ya saki, butar ta koma buta.

Amma akwai abin da ya fi taurin hannu damuna. In na zana Kaka, zan ja mata layi a wuya ke nan? Ba zan iya ba. In bar ta cikakkiya kuma, na karya abin da ita kanta ta hore ni da shi. Na daɗe ina juya wannan, ban gaya wa kowa ba.

Wata safiya na makara, na sami wurin zama a bayan 'yata. Ta lulluɓe kai da tobi, dogon mayafin nan namu, ta sunkuya kan doka. Ba fuska, ba wuya, sai baya da gwiwar hannu. Na zana ta haka. Washegari na ƙara ranƙwafa bayan, na sauke kafaɗa ɗaya. Na yi ta yi safiya bayan safiya, har ranar da na duba kwalin na ga ba 'yata ba ce.

Na kai wa Inna. Ta fita bakin ƙofa inda haske yake, ta kawo kwalin daf da hancinta. 

"Kin ba ta ƙiba," ta ce. "Uwata ba ta taɓa yin wannan ƙugu ba." Ta sake dubawa. "Amma zaman nata ne."

Yanzu wayar kowane yaro cike take da fuskoki, jikokina ba za su roƙi kowa ya zana musu ni ba. Har yau nakan tambayi kaina ko na yi daidai, in nemi gafara, da safe kuma in ɗauki fensir. Inna ba ta bambance komai yanzu sai haske da duhu. Kwalin yana ƙarƙashin matashinta, takan ciro shi ta riƙe bayan sallar walha. Wani lokaci a juye take riƙe da shi. Ba na gyara mata.