Rigar da Na Ɗinka wa Kwamfutar Mubarak

Ni ba ɗan boko ba ne. Aji uku na yi a firamare aka cire ni aka kai ni wurin tela, yau shekara talatin da ɗoriya ina taka keke a kasuwar Ƙanƙara. Gwiwa ta gaji, ido ya fara gardama da kafar allura. Ɗan abin da na sani na duniya, rabinsa a bakin murhun kakata na tsince shi, can Mabai.

Iya Delu muke ce mata, ita ta haifi babana. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta jawo kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Tana da wata ɗabi'a. Idan ɗayanmu ya cusa itace da yawa don wuta ta yi girma, sai ta zare guda biyu ta ajiye gefe, ta ce, "Ku bar mata hanya, wuta ma numfashi take yi." Ni ta fi tsokana. "Kai mijin banza, ko goro ba ka taɓa sayo mini ba, sai cinye mini gyaɗa." In ce na sake ta. Ta ce dama ta gaji da ni, akwai mai shanu a Ketare yana jira.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Ga ta nan ta taho da ƙafarta." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta maharbin duwatsun Faskari. Yana da kare, Guguwa, wanda zomo bai taɓa tsere masa ba. Maharbin nan yana son karen fiye da yadda yake son cikinsa. Wata rana ƙaya ta yagi Guguwa a haƙarƙari, maharbi ya kwana bai runtsa ba. Da safe ya je wurin baduku ya sa aka ɗinka wa kare rigar fata tun daga wuya har gindin jela, aka jera mata layu, aka haɗa da marufin baki saboda maciji. Mutane suka yi ta yabawa, ba a taɓa ganin kare mai kwalliya irin wannan ba.

Aka fita farauta. Zomo ya tashi, Guguwa ya bi shi. Taku goma, ya tsaya. Taku goma, ya tsaya. A nan Iya Delu takan miƙe tsaye da zanenta ta kwaikwaye shi, ta ɗan ruga ta daskare, ta ɗan ruga ta daskare, mu kuwa muna birgima don dariya. Maharbi ya ce sammu ne. Ya yi turare, ya jiƙa sassaƙe, ya canza wa kare abinci, har nono ya riƙa dama masa. Duk a banza. Sai wata tsohuwa mai tsintar itace ta dube shi ta ce, "Kai maharbi, karenka ba ciwo gare shi ba. So ne ya yi mishi yawa." Ta sa wuƙa ta farke rigar. Kare ya zaro harshe, ya yi haki, ya miƙe kamar kibiya.

Na tambaye ta ko ya kama zomon. Ta ce, "Wane zomo? Zomo ya tahi tuntuni. Ba ya jiran mutum ya yi hankali." Sannan ta kakkaɓe toka daga hannu ta ce, "Ƙurunƙus, na ɗaure ta da jelar ɓera. Ku tashi."

A lokacin labarin kare kawai na ɗauke shi. Allah ya ji ƙanta, ta rasu ban kai ga aure ba.

Mubarak shi ne ɗana namiji tilo, shekararsa ashirin. Bara kawunsa na Funtuwa ya ba shi kwamfutar cinya, wadda suke kira laftof. Ya kafa rumfa jikin shagona, ya jawo wuta daga sola, samari suna zuwa buga wasan ƙwallo a cikinta, kowa da ɗan abin dannawa a hannu. Ban fahimci daɗin abin ba, amma na fahimci abu ɗaya: yaron yana gefena, ina ganinsa. Tsaransa duk sun watse, wasu Abuja, wasu ramin zinare, wasu ma ba a san inda suke ba.

To ni tela ne, kuma a garinmu abu mai daraja ba a barinsa tsirara. Rediyo riga gare shi, kujerar babur riga, keken ɗinkina ma da tasa. Na zauna na auna kwamfutar nan da tef, na yanko ledar kujera mai kauri, na sa mata soso a ciki, na ɗinke ta tsaf ta ƙasa da gefe, na bar ƙofar caja kawai. Har sunansa na rubuta da jan zare. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Ba a yi mako ba wasa ya fara ɗingishi. Za a fara lafiya, bayan ɗan lokaci ɗan ƙwallo ya ɗaga ƙafa zai buga, sai ya daskare, kafin ya motsa an ci gida. Akwai wata lamba a kusurwa da Mubarak ya ce tana nuna hotuna nawa ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. In tana sittin, lafiya lau. Sai ka ga ta gangaro sha biyar. Samari su yi tsaki. Na ji wani yana cewa, "Mubarak, 'yan wasanka azumi suke ne?" Ɗaya bayan ɗaya suka koma wata rumfa a bakin tasha.

Babu abin da yaron bai yi ba. Ya daina wasa da batir sai an jona caja. Ya rufe duk abubuwan da ke aiki a ɓoye. Ya rage kyan hoto har ciyawar fili ta koma kamar tabarma. Ya kai kwamfutar Funtuwa wurin mai gyara, a can ta yi gudu kamar sabuwa, da ya dawo gida ta koma gurguwa. Ni kuwa na ce baki ne, na sa aka yi mata tofi.

Ranar wata Laraba ya same ni ina ɗinki, ya durƙusa.

"Baba, abin nan ya ƙi. Abokaina su Haruna za su tahi Abuja ranar Asabar. Ina son in bi su."

Na san hanyar nan, kowa ya san halinta. Na tashi na shiga rumfarsa don kada ya ga fuskata. Kwamfutar na kunne, ba kowa a benci. Na ɗora hannu a kan rigar, zafi kamar tanda. Na kara kunne, sai na ji 'yar fankar ciki tana huci, tana huci, ba ta da inda za ta fitar. Wallahi haƙarƙarin Guguwa na gani.

Na ɗauko almakashi na farke ɗinkina da hannuna. Ga ramukan iska nan a ƙasa da gefe, duk ni na toshe su. Na samo marafan kwalba huɗu na ɗora ta a kai kamar tukunya bisa murhu. Na ce ya kunna wasan. Muka zauna muna kallon lamba. Aka yi la'asar tana sittin. Aka kira magariba tana sittin.

Na ce, "Kai duk iliminka ba ka gane ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gane tun a Funtuwa, Baba. Mai gyaran sai da ya cire rigar kafin ya kunna."

"To don mi ka mayar?"

"Kai ka ɗinka ta."

Na ce masa sakarai. Ya yi dariya, ni ma na yi. Yaron ya gwammace ya bar gari da ya ce mini aikin hannuna ne cutar.

Asabar ta zo, su Haruna suka tafi ba shi. Samari suka dawo rumfa da ihunsu, har yanzu suna hana ni jin rediyo.

Watan jiya ya sake durƙusawa, wai yana so ya riƙa zuwa Funtuwa kwana uku a mako yana koyon gyara. A'a ta riga ta zo bakina, na auna ta, na yanka, saura ɗinki. Sai na ga Iya Delu ta sunkuya tana zare itace biyu daga wuta. Na haɗiye, na ce Allah ya tsare hanya.

Rigar tana nan rataye a shago, almakashi nake zubawa a ciki. Shi ba ya numfashi.